Tuntuɓen Yaya Tanimu da Ya Kai Ƙasar Cek

Ranar Talatar da ta gabata aka cika shekara shida da rasuwar wana, Yaya Tanimu, wanda ya yi aikin gadi a wani dogon gida da ke Al-Sadd, a nan birnin Doha. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara tara ya ba ni. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya nemo mini aikin tuƙi, kuma a nan muka binne shi, nesa da Ringim inda aka yanke mana cibiya. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan yi masa addu'a, in kira matarsa a waya mu gaisa, shi ke nan. Bana na ga ya kamata in ƙara da wani abu.

Ba zan ce muku ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya ba. Abin da ya iya a duniya, wanda har yau ban ga na biyunsa ba, shi ne sa mutum ya yi magana. Akwai kuma lokacin da aikin wani Bature, a ƙasar da Yaya bai taɓa takawa ba, ya rataya a kan wannan abin nasa.

A wancan lokacin mu tara ne a wani tsohon gida a unguwar Bin Omran, direbobi da masu gadi, kowa da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, kowa da lokacin aikinsa. Sai ka yi kwana uku ba ka ga wanda kuke ɗaki ɗaya da shi ba, sai dai takalminsa a bakin ƙofa. Juma'a ce kawai take haɗa mu. Idan an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo shinkafa a babban faranti, a ci, a ɗora shayi. 'Yan uwa sukan zo daga wasu unguwanni, har da masu aikin gona daga Umm Salal, wani lokaci ma da manyanmu, likitoci da injiniyoyi, idan sun yi marmarin jin Hausa. Ba wanda ya naɗa Yaya Tanimu shugaban wannan zama. Amma duk Juma'ar da aiki ya riƙe shi, sai ka ga an ci abinci an watse tun kafin shayi ya tafasa.

Ga yadda yake yi. Akwai wani Malam Ado, mutumin Azare, da aka kawo kiwon awaki a Umm Salal. Magidanci ne, ya baro mata da 'ya'ya, kewa ta kama shi har ya rame. Juma'a uku yana zuwa, ban da sallama ba ya cewa komai. Mun yi ta jefa masa tambayoyi, ya aiki, ya kafil, ya labarin gida. Amsarsa ɗaya ce, “Alhamdu lillahi.” A ta huɗu, Yaya yana zuba shayi, ko kallonsa bai yi ba, sai ya ce da ni:

“Habu, ka miƙa wa baƙonmu mai sukari da yawa. Ka san Azare ɗan ƙauye ne a bayan Sakkwato, ko kasuwa ba su da ita.”

Malam Ado ya dire kofinsa. “Wane Sakkwato? Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?”

“Au, ba can ba ne? Haka dai aka gaya mini.”

“Wanda ya gaya maka bai taɓa wuce ƙofar gidansu ba!”

Sai Malam Ado ya kama kwatance, daga Kano a bi ta Wudil, a wuce Jama'are. Ya shiga kasuwar garinsu rumfa rumfa, ya kai mu inda mahaifinsa yake sayar da fata. Daga nan ya faɗa labarin 'yarsa da ta fara tafiya bayan ya taho, ya ce har yanzu bai san yadda takunta yake ba. Yaya ba ya cewa komai sai “Ikon Allah!” da “Ashe?” Aka kira la'asar mutumin nan bai gama ba.

Yaya yana kiran wannan abin tuntuɓe. Yakan ce, “An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, idan hanya kake nema. Idan kuwa mutum kake nema, tambaya ƙofa take rufewa. Su wa ke tambaya? Ɗan sanda da alƙali da ma'aikacin filin jirgi. Kai dai ka yi tuntuɓe a gabansa. Ba ɗan Adam ɗin da zai ga ka tafi za ka faɗi, bai miƙo hannu ba.”

Dole in faɗi gaskiya, ni abin ba ya yi mini daɗi. Wata Juma'a Likita Nuhu ya zo, mutum mai shiru da kamun kai, wanda muke ɗan jin nauyinsa. Yaya ya dube mu ya ce shi ya gano hawan bene ne yake kawo hawan jini, shi ya sa sunayen suka yi kama. Likita ya gyara zama ya yi mana bayani dalla-dalla, ya ƙare da labarin yadda ciwon ya kwantar da mahaifinsa alhali shi yana makaranta a wata ƙasa. Amma ni idona yana kan injiniyoyi biyu da suke ƙunshe dariya. Da aka watse na ce masa, “Yaya, kana zubar mana da mutunci. Mutanen nan ɗauka suke ba ka san komai ba.” Ya ce, “To dariyar tasu ta cire mini haƙori? Ba ka ga Likita ya tafi da sauƙi a ransa ba?”

Ban gane ba a lokacin, don ni ba abin da nake tsoro irin a yi mini dariya. Ban iya karatun boko ba, kuma ɓoyewa nake yi. Da gine-gine da shataletale na haddace titunan Doha. Idan aka miƙo mini takarda sai in ce na bar tabarau a gida.

Ana nan sai kamfanin da nake wa tuƙi ya ɗauko wani Bature daga ƙasar Cek, aikin wata shida, ya koya wa ma'aikata yadda ake tsara ɗakin ɗaukar shirin talabijin. Aka ba ni shi in riƙa kai shi ina dawo da shi. Sunansa Ladislaf, harshenmu ya kasa, muka mai da shi Ladan. Gidan da Yaya yake gadi aka sauke shi, kuma Yaya ne ya ce wannan shi ne ladanin da bai taɓa kiran salla ba. Dogo ne mai furfura, ya kai hamsin, yana da ladabi amma ba ya magana. Kullum yana bayan mota da wasu katuna shuɗɗa, ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa.

Sai da muka yi wata biyu, wata rana cunkoso ya tsare mu da rana tsaka, sannan ya gaya mini abin da ke cin sa. Da ɗan Turancin da na tsinta a bakin titi muka fahimci juna. Ya ce Amurkawa suna da wani irin shirin hira da ake sakawa bayan labaran dare. Mutum ya fito cikin kwat, ya yi ta ba'a a tsaye, sannan ya zauna a bayan tebur. Makaɗa suna gefe. A kira wani sananne ya zauna a kujera, a yi ta yi masa tambayoyi daga kati, 'yan kallo su tafa duk lokacin da aka kunna musu wata fitila. Wani gidan talabijin a Firag, babban birninsu, ya ba shi aikin yi wa mutanen Cek irin wannan shiri. Ya yi na gwaji kafin ya taho, komai ya kwaikwaya har launin teburin, amma abin ya mutu murus. Baƙin ba sa wuce “e” da “a'a”. An kunna fitilar tafi, 'yan kallo sun harɗe hannuwa.

Na ce me ya sa? Ya ce mutanensu sun daɗe a ƙarƙashin wata gwamnati da takan kira mutum ofis, ta zaunar da shi a gaban tebur, a ɗauko takarda a fara tambayarsa game da maƙwabcinsa. Kuma sun daɗe ana ce musu su tafa, suna tafawa ba don sun so ba. “Ba'amurke,” in ji shi, “yakan zo da labarin kansa a shirye. Mu a wurinmu wanda ya yabi kansa ya zama abin dariya.” Na ce mu ma haka muke cewa, yabon kai jahilci. Ya ce an ba shi dama ɗaya tak idan ya koma. Idan na biyun ya mutu, za a sayo shirin waje a ɗora masa murya, a sallami mutanen da ya tara, shi kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ba shi amanar wani shiri. Katunan nan tambayoyi ne yake ta gyarawa, yana neman wadda za ta buɗe bakin ɗan ƙasarsu.

Ban gayyace shi gidanmu don wannan ba. Tausayi kawai ya ba ni, mutum yana cin abinci shi kaɗai ranar Juma'a.

Ya zo, ya rasa inda zai sa dogayen ƙafafunsa a kan tabarma, aka ba shi cokali. 'Yan uwa suka fara, akwai sanyi a can, kuna buga ƙwallo, kana da iyali? Shi ma sai ga shi yana amsa “e” da “a'a”, kamar baƙin nasa. Yaya ya ɗaga hannu ya ce, “Khalas, ya isa, ku bar damun baƙo, ni na san ƙasarsu. Cek ai wata jiha ce a cikin Rasha, kamar Jigawa a Najeriya.” Sannan ya maimaita da Turanci don kada mai ita ya rasa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Fuskar Ladan ta yi ja har kunnuwa. “Ba Rasha ba!” ya faɗa da ƙarfi, har mai wankin faranti ya leƙo.

“Afuwan,” in ji Yaya. “Amma dai yarenku ɗaya, shugabanku ɗaya.”

Ladan ya janyo kofunan shayi ya jera su a tabarma, wannan ƙasa kaza, wannan ƙasa kaza, ga tasu 'yar ƙarama a tsakiya. Daga taswira sai ya faɗa wata safiya yana ɗan shekara goma sha biyar, da suka tashi suka ga tankokin yaƙi a titin gidansu. Ya ce mutanen gari suka bi suka cire allunan tituna don sojojin su ɓata. Wannan ya tsaya mini a rai, ni da allunan titi ba su taɓa yi mini amfani ba. Ya ce mahaifinsa ma'aikacin gidan rediyo ne, daga baya aka kore shi, ya ƙare rayuwarsa yana zuba gawayi a tukunyar ɗumama wani gini, kuma duk wata sai an kira shi ofis ya zauna a gaban tebur. Inda Turancin ya fi ƙarfinmu, Likita Nuhu ya riƙa fassara mana. Muka tashi yin la'asar muka bar shi zaune yana kallon kofunansa.

Na ɗauke shi a mota, muka yi nisa. Can sai Ladan ya ce, “Habu, wan nan naka ya san ba Rasha ba ce?” Na ce masa Yaya da rediyo yake kwana da ita yake tashi, kuma tun makon da ka sauka ya gaya mini ƙasarku ta rabu gida biyu ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ladan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara ashirin yana aikin tambayar mutane, matarsa ma ba ta ji rabin abin da ya faɗa yau ba, kuma mutumin nan ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Daga ranar, duk yammacin da na dawo da shi, ba ya hawa sama sai ya zauna a bencin mai gadi. Mutanen gidan suna wucewa suna mamakin Bature da kwat a kan benci yana rubuta abin da mai gadi yake faɗa. Yaya ya koya masa cewa tuntuɓen a kan abin da mutum yake ƙauna ake yin sa, garinsu ko sana'arsa. Ba a yin sa a kan iyayensa ko addininsa. Kunyar da ke ciki taka ce, kada ko kaɗan ta taɓa baƙo. Idan ya gyara maka, ka yi godiya, sannan ka yi shiru, shirun nan shi ne rabin aikin. Ladan ya ce amma batun Rasha ai ya kusa taɓa masa miki. Yaya ya ce, “Na san na matsa. Ƙofar taka ce ta yi tsatsa.”

Wata rana ya kawo kaset ɗin shirin Amurkawa ya nuna masa. Yaya ya kalla da kyau. Da ya ji cewa da la'asar ake ɗauka, hoton gari da fitilu ne kawai aka kafa a baya, sai ya ce, “Ashe daren ma na aro ne.” Shawararsa biyu ce, a cire teburin, a kashe fitilar tafi, don dariya ba ta jin umarni. Sannan ya ce, “Amma ga inda gizo ke saƙa. Sai ka sami wanda ya yarda duk ƙasa ta ce masa wawa.”

Nakan tuna wannan maganar idan na kama gidajen rediyonmu na yanzu. Mai gabatarwa ya yi tambaya mai tsawon zira'i goma, ya amsa rabinta da kansa, baƙo ya buɗe baki a ce lokaci ya ƙure. Kowa so yake a san ya sani. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu haƙuri a cikinsu. Amma da Yaya yana nan, na san zai rage murya ya ce, “Wannan baƙon kansa ne.” Tsakar gidanmu ta Bin Omran ma yanzu an raba ta da katako an fitar da ɗakuna biyu. Waɗanda suka rage sukan zauna ranar Juma'a, amma kowa da wayarsa a hannu. Ban sani ba ko tuntuɓe zai yi aiki a gaban wanda idonsa ba ya kanka. Wataƙila da ya samo wata dabarar. Bai taɓa zagin zamani ba, yakan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ladan ya koma gida. Bayan wata biyu, wata Juma'a muna kan tabarma, wayata ta yi ƙara. Muryarsa a gajiye. Ya ce saurayin da gidan talabijin ya zaɓa ya gabatar da shirin, kyakkyawa ne mai digiri, ya ƙi. Ya ce ba zai zauna a gaban jama'a ya faɗi abin da ya san ba daidai ba ne, gobe jaridu su mai da shi abin ba'a. Saura kwana goma a ɗauki gwajin ƙarshe. Na juya na gaya wa Yaya. Ya gama kurɓar shayinsa sannan ya ce, “Ce masa mai tsoron jiƙewa ba ya kama kifi. Ya nemo wanda ya riga ya jiƙe.”

Daga baya muka ji abin da ya yi. Ya ajiye saurayin, ya ɗauko wani tsohon ɗan rediyo mai sanƙo da ya daɗe ba aiki. Manyan gidan suka fusata, suka ce idan abin ya lalace shi kaɗai zai ɗauka. Daga nan shiru, wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ni har na yanke cewa an sallame shi yana jin kunyar kira. Duk Juma'a sai Yaya ya ce, “Ladan bai yi kiran ba?” In ce bai yi ba. A tsakanin nan ne jiri ya fara ɗibar Yaya a wurin aiki. Likita Nuhu ya auna shi ya ce hawan jini ne, kuma ya yi nisa. Yaya ya ce, “Likita, ai na gaya maka benen nan ne.”

Sai ga wani ma'aikacin kamfaninmu ya dawo daga Turai da ƙunshi, kaset da wasiƙa. Muka jira Juma'a. Aka shiga ɗakin da yake da bidiyo, aka saki labule saboda hasken rana, mu wajen goma sha biyar har da Malam Ado. Likita ya fara karanta wasiƙar, ya ce baƙon da za mu gani tsohon mai tsaron raga ne a wani wasa da suke yi a kan ƙanƙara, wanda ya shahara da ba 'yan jarida amsa da kalma biyu. Yaya ya ce, “Tsaya nan, Likita, kada ka gaya mana ƙarshen. Yalla, a kunna.”

Ba wanda yake jin ko kalma ɗaya a cikinmu. Muka ga mai sanƙo ya fito, ya yi 'yar ba'arsa, an yi dariya kaɗan. Baƙo ya shigo, ƙato, fuska a murtuke, ya zauna ya harɗe hannuwa. Mai sanƙo bai ɗauki kati ba. Ya zuba ruwa a kofi, idonsa a kan kofin, ya faɗi wata magana kamar da kansa yake. Ƙaton nan ya sandare. Ya juyo a hankali, ya ɗaga yatsa.

“Tuntuɓe!” in ji Malam Ado, har yana miƙewa.

Mutumin ya fara magana. Ya yi ta yi. Can ya tashi ya tuɓe kwat, ya ware ƙafafu ya durƙusa yana nuna yadda ake tsayuwa a bakin raga. Dariya ta tashi daga wani lungu na 'yan kallo, ta tsaya, ta sake tashi ta game ɗakin. Irin dariyar da ba a shirya ba ce, ko ba ka jin yare za ka gane ta. Wajen ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa, ɗakin ya yi tsit, ya goge ido da bayan hannu. Mai sanƙo yana zaune bai ce komai ba.

Likita ya ƙarasa wasiƙar. An karɓi shirin, za a riƙa sa shi duk mako, ba a sallami kowa ba. An kashe fitilar tafi. Teburin kuwa manya sun ƙi a cire, sun ce in babu shi ba a gane irin shirin ba, sai dai an rage shi an tura shi gefe. Kowa ya juya yana kallon Yaya, yana jingine da bango. Ya ce, “Mai sanƙon nan ya yi saurin karɓar gyara. Da ya ƙara tuntuɓe ɗaya.” Sannan ya ce, “Amma ya iya shiru. Habu, mayar mana baya.”

Mako bakwai bayan nan, da hantsi, aka sami Yaya a kan bencinsa rai ya yi halinsa, rediyo tana yi a gefe. Ladan ya kira, ya ce in koya masa abin da muke faɗa. Na ce, “Allah ya jiƙansa.” Ya maimaita sau uku har ya faɗa daidai. Shirin ya yi shekara huɗu, sai da tsohon ya gaji da kansa ya ajiye. Sunan Yaya bai taɓa fitowa a jikinsa ba, kuma na tabbata da an tambaye shi cewa zai yi a bar shi haka.

Ranar sadakar uku, gidan ya cika. Mutane da yawa da ban san ya san su ba suka zo, kowa yana cewa shi ne wanda ya fara jin labarinsa a ƙasar nan. Ni kuwa tun da aka rufe shi ban yi magana ba, ban yi kuka ba, hannu kawai nake miƙawa. Likita Nuhu ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, “Allah ya jiƙan Tanimu. Bawan Allah bai san komai ba, amma zama da shi akwai daɗi.” Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na sunkuyar da kai, ya ɗan jira, sannan ya tashi.

Maganar ba ta bar ni ba. Na ga ashe mutum zai iya ƙware a abu har ya mutu ana yi masa kallon jahili, kuma idan ni ban gyara ba, babu mai gyarawa. Da shekara ta zagayo na shiga ajin yaƙi da jahilci da wani malamin jami'a yake yi mana da safiyar Juma'a. Ranar da aka fara cewa in karanta da ƙarfi, na karanta “ƙasa” a wurin “kasa”, aka yi dariya, na kusa da ni ya gyara mini. Na duba, haƙorana suna nan. Haka na yi ta tafiya, a hankali, har nesa ta zo kusa.

Makon jiya na ɗauki takardun nan da na rubuta labarin Yaya da hannuna na je wurin Likita Nuhu a Al-Sadd. Ya fara furfura shi ma. Na ce na zo da gyara, na karanta masa tun daga farko, ina tsayawa inda rubutun nawa ya cije. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Malam Habu, ni da na riƙa fassara muku ranar Ladan, kana tsammanin ban gane ba? Tun ranar hawan bene na gane, ina mota ina komawa gida. Kwana uku na gan ka ba ka ce uffan ba, na ji tsoron abin zai kwantar da kai. Na ce bari in gwada abin Tanimu. Ka ƙi miƙo hannu, na ce ashe ban iya ba.”

Na ce, “Ka iya, Likita. Jinkirin nawa ne.”

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Yaya Tanimu, ga shi nan. Akwai wasu mutane a Firag da ba a sallama daga aiki ba. Akwai Malam Ado, da ya koma Azare, wanda aka ce yanzu ba a raba shi da hira. Akwai likitan da ya yarda in ɗauke shi marar kirki har shekara shida, don ya ga ko zan yi magana. Yaya bai koya wa kowa a cikinmu da sunan koyarwa ba, mun dai gan shi yana faɗuwa da gangan don wani ya miƙe.

Ubangijin da ya san abin da kowa ya sani da abin da ya ɓoye, ya yi masa rahama, ya sa ya tarar da hannu a miƙe.